Mijina ya tafi hutu da ɗanmu, ya ƙi dawo da shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila da mijina da 'ya'yanmu biyu, namiji mai shekara shida da mace mai shekara uku, duk a nan aka haife su. A watan Agusta mijina ya tafi Turkiyya da yaron wurin danginsa, da sunan hutun mako uku. Na yarda, ni ce ma na haɗa masa kaya. Tikitin dawowarsu na 24 ga Agusta ne. Ranar ta zo ya ce sun ƙara mako guda, daga baya ya fito fili ya ce ba zai dawo ba, har ya sa yaron a makaranta a can. Wata biyar ke nan. Manya na ɓangarorin biyu suna ta magana, kullum ana ce min in ƙara haƙuri. Na je wurin 'yan sanda, wanda na samu ya ce ai uban yaro ne, in nemi lauya. Yanzu kuma na ji ya sami aiki a Dubai, zai koma can da yaron. Yayana ya ce mu je mu ɗauko shi daga ƙofar makaranta. Aurenmu bai mutu ba, ba ni da wata takardar kotu. Akwai abin da doka za ta yi min?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa ki da ɗanki cikin alheri. Akwai abin da doka za ta yi miki, kuma hanyar a buɗe take yau. Amma abubuwa biyu suna neman rufe ta: watannin da ke wucewa, da tafiyar Dubai ɗin nan. Saboda haka duk abin da za mu faɗa miki a ƙasa, a wannan makon ake fara shi.

Abin da ya same ki yana da suna a doka. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a birnin Hague ranar 25 ga Oktoba 1980, ta fara aiki a 1983, kuma ƙasashe sama da ɗari sun shiga cikinta. Birtaniya da Turkiyya duk suna ciki, kuma tana aiki a tsakaninsu. Sashe na 3 ya ce laifi iri biyu ne: a ɗauke yaro daga ƙasar da yake zaune ba da yardar mai haƙƙin riƙonsa ba, ko a fita da shi da yarda sannan a riƙe shi bayan wa'adi ya cika. Naki na biyun ne. Yardar da kika yi ta mako uku ce, ta ƙare ranar da tikiti ya nuna, ko ranar da ƙarin makon ya cika idan kin amince da ƙarin. Haɗa masa kaya da kika yi bai rage miki komai ba.

Rashin takardar kotu ma kada ya dame ki. A dokar Ingila, ta 1989 da ta shafi yara, uwa tana da alhakin iyaye a kan ɗanta tun ranar haihuwa, uban da ya aure ta shi ma haka. Ku biyu kuke da haƙƙin cewa ga inda yaro zai zauna, kuma ɗaya ba zai yanke wannan shi kaɗai ba. Wannan haƙƙin shi yarjejeniyar take karewa. Sauran sharuɗɗan duk kin cika su: yaron bai kai shekara 16 ba, Ingila ce mazauninsa na yau da kullum kafin tafiyar, kuma kina kula da shi a zahiri lokacin da aka tafi da shi.

Ki fahimci tambayar da alƙalin Turkiyya zai amsa, domin a nan iyaye da yawa suke ɓata wa kansu lokaci. Ba zai duba wanda ya fi iya tarbiyya ba, ko wanda ya fi kuɗi, ko wanda ya jawo rigimar auren. Abin da zai duba shi ne a ina yaron nan yake zaune kafin a riƙe shi, kuma an riƙe shi bisa ƙa'ida ko a'a. Idan ya ga ba bisa ƙa'ida ba ne, zai ba da umarni a mayar da shi Ingila, domin kotun Ingila ta zauna ta yanke maganar riƙo. Sashe na 19 na yarjejeniyar ya faɗa ƙarara cewa umarnin mayarwa ba hukuncin riƙo ba ne. Don haka shafi goma na labarin abin da surukai suka yi miki ba zai amfane ki ba a wannan matakin. Wasiƙa ɗaya daga shugaban makarantar yaron, mai cewa yana aji kaza, an sa ran dawowarsa farkon Satumba, kujerarsa tana nan ba kowa, ta fi su nauyi.

Yanzu maganar lokaci. Sashe na 12 ya ce idan an shigar da ƙara kafin shekara guda ta cika daga ranar da aka riƙe yaro, kotu za ta ba da umarnin mayar da shi nan take, sai dai in an tabbatar da ɗaya daga cikin 'yan uzurorin da za mu kawo. Idan shekara ta wuce, uban ya sami sabuwar ƙofa: zai iya nuna cewa yaron ya riga ya saba da sabon wuri, ya iya yaren, yana da abokai, yana makaranta, kuma alƙali zai iya ƙin mayar da shi saboda haka. Ga abin da mutane ba su sani ba: shekarar nan ana ƙirga ta ne zuwa ranar da ƙarar ta shiga gaban kotu a ƙasar da yaron yake. Ranar da kika cika fom a Landan ba ta tsayar da ƙirgar. Tsakanin fom ɗinki da teburin alƙali akwai fassara, akwai aika takardu, akwai neman adireshi, akwai ƙoƙarin sulhu, kuma waɗannan suna iya cin watanni. Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓa yanke hukunci a 2014 cewa ko ɓoye yaron aka yi, ƙirgar shekarar ba ta tsayawa. Ke wata biyar sun riga sun tafi. Kada ki ɗauka wata bakwai gare ki, ki ɗauka makonni ne.

Matakin farko shi ne hukumar da kowace ƙasa ta naɗa don wannan aikin. Ta Ingila da Wales ana kiranta ICACU, tana ƙarƙashin ofishin babban lauyan da ke tsaya wa yara da marasa ƙarfi a kotu. Scotland da Ireland ta Arewa kowacce da tata. Fom ɗinsu yana intanet, ba a biyan kuɗin shigar da shi, kuma ba sai da lauya ake cika shi ba, ko da yake lauyan da ya saba da irin wannan shari'ar zai rage miki kurakurai. Su za su tura wa takwararsu ta Turkiyya, wato Ma'aikatar Shari'a, ita kuma ta hannun ofishin mai gabatar da ƙara na yankin da yaron yake ake kai maganar gaban kotun iyali. Su ICACU ba sa ba da shawara irin ta lauya, kuma ba su ne masu yanke hukunci ba. Sashe na 29 ya kuma ba ki damar ɗaukar lauya a Turkiyya ya shigar da ƙara kai tsaye ba tare da jiran hukuma ba. A halin da kike ciki, da barazanar tafiya a gaba, muna ganin ki yi duka biyun: fom ya tafi, lauya kuma ya tsaya a can yana bin sa.

Ki zauna yau da dare ki tara takardu. Takardar haihuwar yaron mai ɗauke da sunayen iyaye biyu, takardar aure, hotunan yaron da na uban na kwanan nan, lambobin fasfo na kowace ƙasa da suke riƙe da shi, tikitin zuwa da dawowa, wasiƙar makaranta, takardar rajistarsa a wurin likita, da duk adireshi da lambar waya ta danginsa da kika sani a can, har da sunan makarantar da aka sa shi. Saƙonnin WhatsApp su ne ƙashin bayan shari'arki. Ki ɗauki hotonsu yadda ranar da sa'a da lambar mai aikowa za su fito, ki kuma fitar da hirar gaba ɗaya ki ajiye a imel, domin yana iya goge nasa, waya kuma tana iya faɗawa ruwa. Kada ki goge ko ɗaya, har da waɗanda kika yi cikin fushi. Hirar da aka tsattsage tana sa alƙali ya yi shakkar sauran. Saƙon da ya ce "za mu dawo 24 ga wata" da wanda ya ce "ba zan dawo da shi ba" su biyun sun kusa gama miki aikin. Sashe na 24 ya buƙaci a fassara takardun zuwa harshen ƙasar da ake nema, wato Turkanci, don haka ki tambayi ICACU tun ranar farko waɗanne za su fassara, waɗanne ke kanki. Sashe na 23 ya ɗauke miki wahalar kai su ofishin jakadanci a buga hatimi.

A cikin fom ɗin, da kuma a bakin lauyanki na can, ki sa maganar Dubai a sahun gaba. Hadaddiyar Daular Larabawa ba ta cikin yarjejeniyar. Ranar da jirginsu ya sauka can, duk abin da muka faɗa a sama ya daina aiki, kotun Turkiyya kuma za ta iya rufe fayil ɗin tunda yaron ya bar ƙasarta. Sashe na 7 ya ɗora wa hukumomi alhakin ɗaukar matakan wucin gadi don kare yaro, kuma a ƙarƙashinsa ne za ki nemi kotu ta hana fita da shi daga Turkiyya, ta karɓe fasfonsa, ta sanar da jami'an shige da fice. Ki kawo duk shaidar da kike da ita ta shirin tafiyar, ko da saƙon wani ɗan'uwa ne. Kuma kada ki faɗa wa mijinki, ko wani da zai kai masa, cewa kin shigar da ƙara kafin a sa wannan takunkumin. Mun san yana da wuya a ɓoye wa iyaye irin wannan, amma magana ɗaya ta kyakkyawar niyya daga wata gwaggo tana iya sa ya matso da ranar tikitinsa.

Sai uzurorin da zai kawo, domin zai kawo. Na farko, kuma wanda ya fi ba mu tsoro a wasiƙarki, shi ne cewa kin yarda tun farko, ko kin haƙura daga baya. Sashe na 13 ya ba alƙali damar ƙin mayar da yaro idan an tabbatar da haka. Ki koma cikin saƙonninki na watannin nan biyar ki duba da idon lauyansa. Akwai inda kika rubuta "to shi ke nan, ya ƙarasa shekarar karatu a can"? Kin aika masa da kayan sanyinsa da littattafansa? Kin sa hannu a takardar cire shi daga makarantarsa ta Ingila, ko ta shigar da shi ta can? Idan akwai, kada ki ɓoye wa lauyanki, ki nuna masa tare da abin da ya zo kafinsa da bayansa. Kotuna a ƙasashe da dama ba su cika ɗaukar ƙoƙarin sulhu a matsayin haƙura ba, sun san uwa tana iya lallashi don a dawo mata da ɗa. Amma shiru mai tsawo yana da fassara. Da zarar lauya ya ce lokaci ya yi, ki aika saƙo gajere a rubuce, ba zagi ba barazana: ban yarda ɗanmu ya ci gaba da zama a wajen Ingila ba, ina neman a dawo da shi zuwa rana kaza. Daga nan, duk wata magana ta sulhu ki fara ta da cewa tattaunawa ce kawai, ba ki janye buƙatarki ba.

Ba muna cewa ki watsa wa manya ƙasa a ido ba ne. Sulhu yana da daraja, yarjejeniyar kanta ta umarci hukumomi su nemi a dawo da yaro cikin lalama, kuma yaron da iyayensa suka daidaita ya fi samun sauƙi a kan wanda jami'ai suka raka filin jirgi. Abin da muke ƙi shi ne sulhun da ba shi da wa'adi. Haƙurin da ake ba ki, kowane wata nasa yana shiga cikin hujjar mijinki ta cewa yaro ya saba. Ki bar manya su ci gaba da magana, ƙara kuma tana tafiya a gefe. Akwai ƙungiyar agaji a Birtaniya mai suna Reunite, wadda ta ƙware a wannan fannin, tana da layin ba da shawara da masu shiga tsakani. Idan an cimma matsaya, a rubuta ta, a kai kotunan ƙasashen biyu su mayar da ita umarni iri ɗaya. Alkawarin baki ko na takardar da ba kotu a bayanta ba ya tsayar da kowa a filin jirgi.

Uzuri na biyu shi ne cewa mayar da yaron zai jefa shi cikin babban haɗari ga jikinsa ko hankalinsa, ko cikin halin da ba za a iya jurewa ba. Wannan shi aka fi kawowa a kotuna, kuma ki shirya jin abubuwa marasa daɗi a kanki: cewa kina dukansa, ko ba ki da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ba ki da wurin zama. Nauyin tabbatarwa yana kansa, ma'aunin kuma yana da tsauri. Cewa makarantar can ta fi kyau, ko kakanni suna kusa, bai kai ba. Alƙali zai kuma duba ko hukumomin Ingila za su iya kare yaron idan ya dawo. Wasiƙar likitanku da ta makaranta masu nuna ba a taɓa samun damuwa a kansa ba, da takardar hayar gida ko ta mallaka, su ne amsarki. Idan kuwa akwai wani abu na gaskiya a tarihinku, kamar kiran 'yan sanda gida ko jinyar damuwa bayan haihuwa, gara ya fito daga bakinki da bayaninsa.

Na uku shi ne yaron da kansa ya ce ba ya so, idan shekarunsa da hankalinsa sun kai a saurare shi. Yarjejeniyar ba ta yanke shekara ba. Mai shekara shida ba a cika ba maganarsa nauyin da za ta hana mayarwa ba, amma ƙwararre zai iya zama da shi, kuma yaron da ya yi wata biyar yana jin ɓangare ɗaya yana iya faɗin abin da aka saba faɗa a gabansa. Maganin wannan shi ne kada muryarki ta ɓace masa. Ki nemi kiran bidiyo a ranaku sanannu, ki rubuta duk ranar da aka hana ki. Idan kun haɗu, ki tambaye shi abin da ya ci, ki nuna masa ƙanwarsa da gadonsa da kekensa. Kada ki yi masa maganar kotu, kada ki zagi ubansa, kada ki sa shi ya zaɓa. Masu tantance yara suna gane yaron da aka koya wa magana, ko daga wane ɓangare.

Zai yiwu ya riga ki zuwa kotun Turkiyya neman riƙo. Idan sammaci ya iso ki, kada ki yi banza da shi, kuma kada ki shiga gardamar wa ya fi cancanta. Ki miƙa wa lauyanki ya sanar da kotun cewa akwai buƙatar mayarwa. Sashe na 16 ya hana ta yanke hukuncin riƙo daga lokacin da ta sami wannan sanarwar har sai an gama maganar mayarwa, sashe na 17 kuma ya ce ko ya riga ya samo hukuncin, wannan kaɗai ba dalilin ƙin mayar da yaro ba ne.

Sashe na 11 ya sa ran a gama shari'ar mayarwa cikin mako shida, in an wuce kina da damar neman a faɗa miki dalilin jinkiri. A aikace sau da yawa ana wuce hakan nesa, musamman idan an ɗaukaka ƙara, sannan zartar da umarnin shi ma wani aiki ne. Ki tanadi kuɗin lauya, na fassara, na tafiya da masauki. Sashe na 26 ya bar ƙasashe su ƙi ɗaukar kuɗin lauya sai ta tsarin taimakonsu na cikin gida, kuma da yawa sun yi hakan, don haka ki tambaya a rubuce me za a biya miki, me za ki biya. Idan an sa ranar zama, ki yi iya ƙoƙarinki ki halarta da kanki, bayan lauya ya tabbatar miki babu wata ƙara da aka shigar a kanki a can da za ta hana ki fitowa.

Game da 'yan sanda, amsar da aka ba ki ta yi gajarta. Dokar Ingila ta 1984 ta mayar da fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga Birtaniya ba da iznin da ya dace ba laifi, ko da uba ne ko uwa, hukuncinsa kuma yana kaiwa shekara bakwai. Shari'arki ta ɗan bambanta tunda da yardarki aka fita, kuma lauya ne zai duba ko ta shiga. Ki koma ki sa a rubuta rahoto a ba ki lambarsa, wannan yana da amfani ko ba a tuhumi kowa ba, kuma ta hannunsu ake neman sanarwar Interpol ('yan sandan ƙasa da ƙasa) mai launin rawaya, ta neman wanda ya ɓace, idan aka rasa inda yaron yake. Amma ki yi tunani sosai kafin ki matsa a fitar da takardar kama shi. Uban da ya san za a sa masa ankwa a filin jirgi ba zai rako ɗansa gida ba, lauyansa kuma zai ce mayarwar za ta raba yaro da ubansa. Alƙalai sukan nemi alkawura daga mai neman mayarwa, irin su ba za ta goyi bayan tuhuma ba, za ta bar uban ya riƙa ganin yaron har kotun gida ta zauna. Tuhuma kuwa in ta shiga hannun masu gabatar da ƙara, janye ta ba a hannunki yake ba.

Shawarar yayanki ta fito daga ƙauna, amma kada ku yi. A idon 'yan sandan Turkiyya, mutanen da suka ja yaro cikin mota a ƙofar makaranta masu satar yaro ne har sai an tabbatar da akasin haka. Fasfonsa yana hannun ubansa, to da me za ku fita da shi? Kina iya ƙarewa a tsare, ki zubar da shari'ar da take a hannunki, yaron kuma ya ga abin da ba zai manta ba. A 2016 a Beirut an kama wata uwa 'yar Australiya tare da ma'aikatan wani gidan talabijin da mutanen da aka ɗauka haya don ƙwato 'ya'yanta biyu a kan titi. Ta koma gida ba tare da yaran ba. Duk kamfanin da ya yi miki alkawarin ɗauko ɗanki a kan kuɗi, ki rufe wayarki.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, ya riga ya wuce Dubai kafin takunkumi ya hau, aikin ya ƙara wuya amma bai ƙare ba. Wannan ya shafi duk wanda aka kai ɗansa ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, kamar Saudiyya, Masar, Indiya, Najeriya ko Nijar. Ko ƙasar tana ciki ma, sashe na 38 ya ce wadda ta shigo daga baya sai ɗayar ta amince da shigarta kafin yarjejeniyar ta yi aiki tsakaninsu, kuma jadawalin wannan yana shafin intanet na Taron Hague, wato ƙungiyar da ta tsara yarjejeniyar. A irin wannan halin shari'a biyu ake yi. A Ingila lauyanki zai je Babbar Kotu ya nemi ta sa yaron ƙarƙashin kulawarta, ta bayyana cewa Ingila ce mazauninsa, ta umarci uban ya dawo da shi. Umarnin ba ya ɗaure alƙalin Dubai, amma yana da haƙora a gida: kotun tana iya tilasta wa dangi da abokan da ke Ingila su faɗi inda yaron yake, ta karɓe fasfon uban ranar da ya shigo, ta hukunta shi kan raina kotu, har ta taɓa dukiyarsa da ke ƙasar. Mutumin da yake da gida ko asusu ko takardar zama a Birtaniya yana jin wannan. A can kuma za ki ɗauki lauyan iyali na ƙasar ya nemar miki riƙo a ƙarƙashin dokarsu, wadda ta raba renon yaro da waliccin uba, kuma samun reno ba lallai ya ba ki iznin fita da yaro daga ƙasar ba. Ki tambayi lauyan wannan tun kafin ki hau jirgi. Ofishin jakadancin Birtaniya zai ba ki jerin lauyoyi, ya tuntuɓi hukumomin ƙasar, wani lokaci ya nemi ganin lafiyar yaron in uban ya yarda. Ba zai ƙwato shi ba, ba zai biya miki lauya ba, kuma idan yaron yana da fasfon ƙasar da yake ciki, abin da za su iya ya ƙara raguwa.

Kada ki manta da 'yar da ke hannunki. Ki ɗauke fasfonta da takardar haihuwarta daga inda ya sani. Ki nemi kotun iyali ta ba da umarnin hana fita da ita daga ƙasar, ana iya samun sa cikin gaggawa ba tare da an sanar da ɗaya ɓangaren ba tukuna. Da umarnin a hannu ki rubuta wa ofishin fasfo na Birtaniya kada su ba da sabo, ki kuma rubuta wa ofishin jakadancin duk ƙasar da uban zai iya samar mata fasfo, ko da yake su roƙo ne, ba dole ne su bi ba. Ki ba makarantar renonta kwafin umarnin da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke ta. Idan kika ga alamar za a fita da ita cikin kwana ɗaya ko biyu, 'yan sanda suna iya sa sunanta a tashoshin jirgin sama da na ruwa nan take, sanarwar kuma tana aiki kwana 28, sai an sabunta ta da umarnin kotu. Kuma kada ki tafi da ita Turkiyya zaman shari'a, komai kewar da take yi wa yayanta.

Abu na ƙarshe da za ki sa a lissafi: umarnin mayarwa yana cewa ne a dawo da yaro Ingila, ba lallai ya ce a miƙa shi hannunki ba, kuma uban yana iya rako shi. Don haka lauyanki na gida ya shigar da buƙatar riƙo a kotun iyali tun yanzu, ya nemi umarnin da zai fara aiki ranar da jirgin ya sauka: wurin wa yaron zai kwana, wa zai riƙe fasfo, yaya uban zai riƙa ganinsa, da hana sake fita da shi. Ki aika wa lauyan Turkiyya kwafinsa da fassara, domin alƙalin da ya ga an shirya wa yaron wurin sauka ya fi saurin sa hannu.